Kaset ɗin Tennis na Nintendo da darajarsa a yau

Jama'a, wa ya tuna Tennis ɗin nan da Mario ke zaune kan doguwar kujera yana alƙalanci? Wani abokina da ke karatu a Amurka ya turo min hoton kaset ɗinsa na asali, har da kwalinsa baƙi, sai na ji yarinta ta dawo min sabuwa fil.

Nintendo ta fitar da shi a Japan a 1984, ya isa Amurka tare da na'urar wasanta mai suna NES a 1985. Abin da ya ba ni mamaki, masu tara irin waɗannan kaya ba ruwansu da daɗin wasan. Kwali suke dubawa: ya lotse? Littafin bayani na ciki? An taɓa buɗe shi? Har kusoshin bayan kaset suke ƙirgawa, domin na farko-farko biyar ne, na baya uku. Tsuran kaset ba ya wani tsada. Wanda ba a taɓa ɓarewa ba kuwa, sai mai hannu da shuni. Ai a 2021 an sayar da kaset ɗin wani wasan Nintendo, Super Mario 64, a rufe kan dala miliyan 1.56.

Namu da muka buga a unguwa na jabu ne, masu wasanni da yawa a kaset guda, muna hura musu iska in sun ƙi kamawa. Babu mai gwanjonsu. Duk da haka da zan samu ɗaya yau, wallahi zan saya in adana, in nuna wa 'ya'yana.