Saƙo zai zo sau biyu, ku shirya masa

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja a Yamai, idan aka ba ku aikin da saƙonni ke kwarara cikinsa dare da rana, na biyan kuɗi ne ko na awon ruwan tanki, ku sa a ranku tun farko cewa saƙo zai maimaitu, zai makara, wani lokaci ma na baya ya riga na gaba isowa. Ni ban sa ba, kuma wani ne ya ɗanɗana kuɗarsa.

Manhaja ce ta tara kuɗi daga wakilai a Galmi, Madawa da Konni lokacin kakar albasa. Wakili ya danna, waya ta aika, sarwar, wato kwamfutar da ke karɓar saƙonnin, ta rubuta, sai rezo ya ɗauke kafin amsar tabbaci ta koma. Waya ba ta san an karɓa ba, ta sake aikawa, kuma daidai ta yi. Ni ne na tsara cewa duk abin da ya shigo a ƙara shi cikin asusu. Jaka hamsin ta zama ɗari a littafi, aka fara yi wa wakili kallon ɓarawo, bawan Allah da ko dala bai taɓa ba. Har yau abin na ci mini rai.

Maganin ba tsada gare shi ba. Waya ce za ta ba kowane saƙo lambar shaida tun kafin ya tashi, sarwar kuma ta riƙa adana lambobin da ta gani, in lamba ta sake zuwa kada ta ƙara kuɗin. Abin lura shi ne adana lambar da ƙara kuɗin su shiga ma'ajiyar bayanai tare, ko kuma dukansu su fasa. In kun raba su, ranar da wuta ta ɗauke a tsakaninsu kun koma gidan jiya.

Kada sunan Kafka, tsarin da ke karɓar saƙonni ya ajiye su ya miƙa wa manhajoji, ya ruɗe ku. A kamfanin LinkedIn aka gina shi, aka sake shi ga kowa a 2011, a 2017 kuma aka ƙara masa tsarin sarrafa saƙo sau ɗaya tak. Amma wannan alƙawari a cikin Kafka ya tsaya, bai shafi tes ɗin da kuka tura wa ɗan kasuwa ba. Kafka yana rarraba saƙonni sashe-sashe, jerin isowarsu ma a cikin sashe guda kawai yake tabbata. Na bar saƙonni suna faɗawa kowane sashe, sai cire kuɗi ya riga zubawa, manhaja ta ce babu komai a asusu. Ku raba su da lambar asusu, na mutum ɗaya su bi layi ɗaya. Ku kuma tuna kwana 7 Kafka yake riƙe saƙo idan ba ku canja ba.

A ganina ma yawancin ayyukanmu ba su kai ga Kafka ba. Tebur ɗaya a ma'ajiyar bayanai ta PostgreSQL ya isa, ko RabbitMQ, wata manhajar jera saƙonni. Na'urorin da ke ƙauye kuwa MQTT, wani tsarin aika saƙo tsakanin na'urori, ya fi dacewa da su, tunda tun 1999 don layi mai rauni aka ƙirƙiro shi, na sa ido kan bututun mai ta tauraron ɗan Adam. Shi ma a matakinsa na 1 na tabbatar da isar saƙo yana iya maimaita shi.

Sai lokaci. Wayar da ta kwana ba rezo cinikin Litinin take kawowa ranar Talata. Ku ajiye lokaci biyu, na faruwar abu da na isowarsa, duka a agogon duniya na UTC, wanda Nijar ke gabansa da awa 1.

Saƙon da ya lalace kada ku jefar, kada kuma ku bar shi ya tare hanya. Ku ware masa layinsa, da mutumin da zai duba kowace safiya. Kafin ku miƙa aiki, ku kashe intanet ɗin waya ana tsakiyar aikawa, ku kunna, sannan ku je ku ƙirga abin da ya shiga asusu.