Kowa Na Kallon Jariri, Ni Ƙafar Mai Jego Nake Kallo

Ranar da na faɗa wa mahaifiyata a waya irin aikin da na samu a Amurka, dariya ta yi. "Ashe ungozoma kika zama?" Na ce a'a Inna, ba na karɓar haihuwa, ba na yanke cibiya, ko allura ba na yi. Ta ce to me kike yi? Na ce zama nake kusa da mai naƙuda, in riƙe mata hannu, in danna mata baya, idan ta sauka kuma in riƙa bin ta gida ina ganin yadda take. Ta yi jim, sannan ta ce, "Wannan ma har biyan mutum ake yi a kansa?"

Ana biya kuwa. Dula ake ce mana, kuma tun watan Maris na 2024 inshorar Medicaid ta masu ƙaramin ƙarfi take biyan kuɗin aikinmu a jihar New York. Shekarata shida ke nan ina yi a Bronx, cikin birnin New York. Kusan duk matan da nake bi baƙar fata ne: 'yan asalin ƙasar, 'yan Jamaika da Haiti, sai namu na Afirka ta Yamma, ciki har da Hausawan unguwar Nima ta Accra da Zangon Kumasi.

Da na fara, raina aikin na yi kamar yadda Inna ta raina shi. Alƙaluman da aka nuna mana wajen horo ne suka fara sanyaya mini jiki. A 2021, cikin kowace haihuwa 100,000, baƙar mace 69.9 ce ta rasu ta dalilin ciki ko haihuwa, farar fata kuwa 26.6. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta bi diddigin mace-macen 2017 zuwa 2019, ta gano fiye da kashi 80 cikin ɗari da an iya hana su, kuma fiye da rabi sun faru ne daga mako guda bayan haihuwa zuwa shekara. Wato bayan an gama barka, kowa ya watse.

A raina na ce talauci ne. Sai malamar ta kawo labarin Shalon Irving, baƙar fata mai digirin digirgir, ma'aikaciyar CDC ɗin kanta, wadda bincikenta ma a kan bambancin lafiya tsakanin al'ummomi yake. Ta haihu a Janairun 2017, ta yi ta komawa asibiti tana cewa jikinta ba daidai yake ba, mako uku bayan haihuwa hawan jini ya yi ajalinta. A shekarar ne kuma Serena Williams, baƙar fata 'yar wasan tennis, da duk sunanta da dukiyarta, sai da ta yi ta nacin a duba mata huhu kwana guda bayan an yi mata aikin haihuwa, kafin a gano gudan jinin da ta ce tana ji. Idan ba a yarda da bakin waɗannan ba, wa zai yarda da na mai goge-goge a otal?

Ni ma ban yarda da bakin wata ba, kuma wannan ne kuskuren da har yau nake jin nauyinsa. Wata ƙanwa ce 'yar Nima, cikin fari. Tana naƙuda ba ta ko tari, sai cije leɓe, ni kuwa ina ta yaba mata. "Sannu jaruma, haka ake so, yi haƙuri an kusa." Haka aka tarbiyyantar da mu, ihu wajen haihuwa abin kunya ne. Da ta ce mini, "Anti, kaina kamar zai tsage," sai na jiƙa tsumma na ɗora mata a goshi, na ƙara ba ta haƙuri. Allah ne ya kawo wata nas ta gwada jininta, nan take ɗakin ya cika da likitoci. Saura ƙiris jijjiga ta kama ta. Ta sauka lafiya, amma tun ranar na cire "yi haƙuri" daga bakina a ɗakin haihuwa. Yanzu tambaya nake: ina ne ke ciwo, tun yaushe, kin faɗa musu? In ba ta faɗa ba, in danna ƙararrawa ta faɗa a gabana.

Daga baya na gane cewa shirun da muke kira kunya ya zo ya tarar da wani tsohon zato a nan, cewa baƙar mace ba ta jin ciwo kamar kowa. Duk Bahaushiya ta san ciwon yoyon fitsari. To, ɗinkin da ake yi masa, likita J. Marion Sims ya ƙware a kansa ne a jikin bayi mata a Montgomery ta jihar Alabama, cikin shekarun 1840, ba tare da maganin kashe zafi ba. Sunan uku kawai aka sani: Anarcha, Betsey da Lucy. Sai a 2018 aka sauke gunkinsa daga bakin lambun Central Park na birnin New York. Kada a ce tsohon zance ne: a wani binciken Jami'ar Virginia na 2016, kusan rabin ɗaliban likitanci da sababbin likitoci farare da aka tambaya sun gaskata aƙalla ƙarya ɗaya game da jikin baƙar fata, irin su wai fatarmu ta fi kauri. Ni da na zo ina cewa "mu 'yan Afirka daban ne da su," ɗakin haihuwa bai taɓa tambayar kowa fasfo ba.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne jego. A gida mai jego tana da arba'in: uwa ko gwaggo na nan, ana dafa mata ruwa, ana tura mata abinci, wani ya karɓi jariri ta runtsa. Ba duk abin da muke yi ne alheri ba, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta kunun kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciya, kuma ni kan hana namu kanwar nan ko da surukai za su yi fushi. Amma dai akwai ido a kanta. A nan kwana biyu ake sallamar mace, a ce ta dawo bayan mako shida. Dokar tarayya ta 1993 ta ba da hutun mako 12, amma babu albashi, kuma ba kowa ta shafa ba. Na ga wadda ta koma tsayuwar kanti ɗinki bai warke ba.

Wata ranar Talata na je duba wata 'yar asalin ƙasar, kwananta tara da haihuwa. Falo cike da 'yan'uwa, ana ta ɗaukar jaririya hoto, kakar tana rawa da ita. Uwar tana gefen kujera, idonta a lumshe. Ƙafarta na fara kallo: silifa ta ƙi shiga, yatsun sun kumbura sun haɗe. Na ce ya kan? Ta ce tun jiya yake sara, kuma tana ganin wasu ƙyalli-ƙyalli. Ƙa'idar aikinmu ta hana ni gwada ta, amma an sallame ta da abin awon jini, yana cikin kwalinsa ko buɗewa ba a yi ba. Ta ɗaura da kanta. Ya nuna 168 bisa 112. Daga 160 bisa 110, ba a kwana.

Ta ce ba za ta je ba. Shekaranjiya ta kira asibiti, an ce gajiya ce. Sannan ta rage murya: idan aka kwantar da ita, wa ya sani ko ma'aikatan kula da yara za su ce ba ta iya riƙon 'yarta ba? Tsoron nan ba na banza ba ne a unguwanninmu, don haka ban ce mata shirme ba ne. Kakar na ja gefe. Na ce, "Mama, jikarki tana hannunki, ba mai taɓa ta. 'Yarki ce ke cikin haɗari." Tsohuwar ta kalli ƙafar, ta miƙa wa wata jaririyar, ta ɗauko wa 'yarta rigar sanyi da kanta.

A mota na sa ta maimaita abin da za ta faɗa da zarar mun isa, kafin ma sunanta: na haihu kwana tara da suka wuce, jinina 168 bisa 112, kaina na ciwo, idona na ganin ƙyalli. Ta faɗa, muryarta na rawa. Ba mu zauna a layi ba. Kwana uku ta yi ana ƙara mata ruwa da magani.

Da daddare na kira Inna na ba ta labari. Ba ta ce komai a kan aikin ba. Tambaya ɗaya ta yi, wa zai dafa wa yarinyar ruwa idan an sallame ta.