Iskar da Ba a Auna Ba

Tun da labari ya bazu cewa na ajiye aiki, abokan aiki ke ta kirana. Wasu na cewa albashi ne ya yi mini kaɗan, wasu na cewa na samu wani wuri mai maiƙo. Babu ko ɗaya. Waɗanda muka sha ƙurar ƙauyukan arewacin Jigawa tare, daga Ɓaɓura zuwa Sule Tankarkar har Maigatari, sun san tushen maganar: injin iskar da muka kafa a wani ƙaramin asibitin ƙauye, da rahoton da aka rubuta bayan ya lalace. Ba zan kama sunan ƙungiyar ba, ko na garin, ko na shugabana. Wanda ya sani ya sani. Ina rubutu ne saboda ƙannenmu da ke fitowa daga kwalejojin fasaha suna tururuwar shiga harkar sola da iska, don kada a yi musu abin da aka yi mini.

A takarda aikin ba shi da aibu. Masu ba da tallafi sun ware kuɗi don a haɗa wa asibitin farantan sola da ƙaramin injin iska, a samu wutar firjin rigakafi, da fitilar ɗakin haihuwa, da famfon ruwa. Hujjar ita ce in rana ta faɗi iska za ta ci gaba da cika batir, in kuma hazon hunturu ya dusashe rana, a lokacin ne iska ke da ƙarfi. Ni kaina na yi murna, domin na daɗe ina son in ga an gwada iska da gaske a yankinmu. Abu ɗaya na roƙa: a kafa dogon ƙarfe da na'urar auna iska a wurin, a bar ta ta ga hunturu da bazara da damina da kaka, sannan a san irin injin da za a saya, ko ma a san ko za a saya.

Ranar da muka je duba wuri a tsakiyar hunturu ne, da hantsi, iska na ta ɗaga rigunan mutane. Da na sake tayar da maganar awo, sai shugabana ya dafe hularsa ya ce, "Injiniya, wannan iskar da ke neman tafiya da hulata ita za ka auna? Kuɗin nan in ba mu kashe su kafin ƙarshen shekara ba, komawa za su yi." Na ce, "Yallaɓai, iskar yau ba ita ce ta watan tara ba." Ya ce akwai taswirar iska a intanet, ta ishe mu. Taswirar kuwa ƙiyasi ne na sama can nesa da ƙasa, ga faɗin yanki guda. Ba ta san akwai layin darbejiya a gaban asibiti ba.

Wanda bai yi wannan aiki ba zai ga kamar taurin kai ne kawai, don haka bari in faɗi dalilin. Wutar da injin iska ke bayarwa ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da saurin iska. In saurin ya ninka biyu, ƙarfin da ke cikin iskar ninkawa takwas yake yi. Tsakanin wurin da iska ke gudun mita 4 a sakan da wurin da take gudun mita 5, ido ba zai ga bambanci ba, amma wutar ta kusa ninkawa biyu. Sannan lambar da masu ƙera ƙananan injina ke rubutawa a jiki, a ce kilowat 3, yawanci ta iska ce mai gudun mita 11 ko 12 a sakan, irin wadda ba kullum ake samunta ba. Ka kai wannan injin inda iska ke gudun mita 4, lissafi zai ba ka kashi ɗaya cikin 27, wato wat ɗari da 'yan kai. In ta yi ƙasa da mita 3 kuwa, farfela na iya juyawa mutane su gani su ce yana aiki, alhali ba abin kirki da ke shiga batir. Sayen injin ba tare da awo ba, cinikin biri a sama ne.

Akwai kuma abin da duk wanda ya taɓa kwana a tsakar gida ya sani. A ƙasarmu iskar da ke kusa da ƙasa kwantawa take yi da dare, sai hantsi ya ɗaga ta taso. A can sama tana ci gaba da gudu, amma gajeren ƙarfe ba ya kaiwa gare ta. Ke nan hujjar da aka gina aikin a kanta, cewa iska za ta riƙe dare, ba ta tsayuwa sai da tsawo. Tsawon kuma shi aka fara yankewa da aka zo rage kuɗi.

Maganar wuri ta fi yi mini ciwo, saboda amsar tana bakin mutanen garin. Da muka je gaida dagaci na yi masa bayani, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, in iska kuke nema, ku tambayi masu shiƙa." Ya haɗa ni da wani yaro ya kai ni masussuka, wani ɗan tudu a bayan asibitin, fili fetal ba bishiya. Na tsaya na kalli wata dattijuwa ta ɗaga ƙwarya sama da kanta tana zubo gero, tsabar na sauka a gabanta, ƙaiƙayin na tafiya gefe guda a miƙe, ba ya juyawa. A ƙofar asibiti kuwa, in ka saki ƙasa daga hannunka, sai ta yi nan ta yi can saboda bishiyoyi da gini sun dagula iskar. Ka'idar da muka koya ita ce farfela ta ɗara duk wani abu da ke kusa da ita, cikin tazarar kamar mita 150, da aƙalla mita 10. Matan nan ba su karanta ka'idar ba, amma tun kaka da kakanni suka gano wurin.

Na rubuta duk wannan na miƙa. Aka ce tudun ya yi nisa, wayar za ta ci kuɗi. Gaskiyar da kowa a ofis ya sani ita ce ana son injin ya fito a hoto tare da allon aikin da ƙofar asibiti, ana kuma son wanda ya wuce a titi ya gan shi. A nan aka kafa shi. Kuma da yake kuɗin injin ya cinye kaso mai yawa, sai aka rage farantan sola, aka ce iska za ta cike gurbin. Abin ɗagawa da saukar da ƙarfen da na saka a lissafi, shi ma aka soke. An yi bikin ƙaddamarwa da rumfuna da makaɗa, iska ta taimaka ta kaɗa a ranar, kowa ya tafa.

Da hunturu ya wuce sai lissafin ya fara fitowa fili. Batiran ba sa cika, kullum sai an zuƙe su har ƙasa kafin asuba, ga zafin bazara a ɗakin da babu taga. Batir mai ruwa ba ya jure haka, nan da nan yake mutuwa. Allurar rigakafi kuwa tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, in ta fita daga nan an yi asara. Malamin asibitin ya koma ɗaura akwatin ƙanƙara a bayan babur yana kaiwa da komowa hedikwatar ƙaramar hukuma, ungozoma ta koma karɓar haihuwa da fitilar waya a baki. A sama kuma dagulalliyar iskar tana ta wujijjiga kan injin, boris ya fara kuka tun bai shekara ba. Da hadarin farkon damina ya taso da irin iskar nan mai yaye kwano, ba yadda za a sauke shi. Farfela ɗaya ta karye ta faɗa bayan katanga. Allah Ya tsare, ba kowa a wurin.

Har zuwa nan, da an ce mu zauna mu ga inda aka kuskure, da ban tafi ba. Aiki yakan lalace. Abin da ya biyo baya ne ban iya haɗiyewa ba. Rahoton da aka aika wa masu ba da tallafi ya ce abu biyu ne suka kashe aikin: sakacin mutanen gari, da rashin samun shawarar da ta dace daga jami'in fasaha. Jami'in fasahar ni ne. A taron ma'aikata na fito da kwafin takardar da na rubuta tun farko, da kwanan wata da hatimin karɓa a jiki. Na ce, "Yallaɓai, ga shawarar da aka ce ban bayar ba." Ko kallon takardar bai yi ba. Ya ce, "Injiniya, ba a nan ake wannan maganar ba." Ba a kuma sake yin ta a ko'ina ba. Waɗanda suka san gaskiya a ɗakin suka sunkuyar da kai, ban kuma ga laifinsu sosai ba, kowa na da iyali.

Ni ina da takardar shaidar karatu, zan nemi wani aikin. Wanda aka fi zalunta shi ne saurayin da na koya wa kula da kayan. Ba a biyan shi ko sisi. Kullum da safe yana goge farantan, yana duba ruwan batir, yana rubuta lambar da mita ta nuna a wani littafin makaranta mai bango shuɗi, layi bayan layi, ranar da bai samu biro ba ya rubuta da fensir. Shi aka ce yana sayar da cajin waya da wutar asibiti, har aka kira shi gaban dagaci da mahaifinsa. Littafin nan nasa shi ne kaɗai sahihin bayanin da aikin ya taɓa samarwa, kuma ya nuna ƙarara cewa wutar ba ta taɓa isa ba balle a sace ta. Ba wanda ya nemi ganinsa.

Yanzu a yankin, in ka ce iska, sai a ce ai an gwada ba ta yi. Wannan ma asara ce, kuma ban yarda da hukuncin ba. Ba a gwada iska ba, gaggawa aka gwada. Mutane kan kawo misalin tashar wutar iska ta Lambar Rimi a Katsina, mai megawat 10 da injina 37, wadda aka faro tun 2005 zamanin gwamna Umaru Musa 'Yar'adua ta kuma ɗauki shekaru da yawa ba a gama ba. Amma wanda ya bi labarin ya san jinkirin ba na rashin iska ba ne. Akwai canjin hannu daga jiha zuwa tarayya, akwai sace injiniyan Faransa da aka yi a Rimi a Disambar 2012, abin da ya tsayar da aiki cak. Injinan can ma dogaye ne, kuma irin waɗanda ake iya kwantarwa ƙasa don gyara ko gudun guguwa, wato ainihin abin da aka soke a namu. A Kenya, tashar Tafkin Turkana mai megawat 310 da injina 365, da aka buɗe a 2019, sai da aka shafe shekaru ana auna iskar wurin kafin a haƙa rami ɗaya.

Sai dai dole mai son iska ya yarda cewa sola ta yi mata nisa a ƙasarmu. Farashin farantai ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, rana kuma ba ma rasa ta. Ga tashar sola ta Jami'ar Bayero da aka buɗe a 2019, ga mai megawat 10 a Kumbotso da aka buɗe a 2023. Asibiti irin namu, da an saya masa firji mai aiki kai tsaye da sola ba tare da batir ba, aka ƙara farantai, da yanzu yana aiki. Inda nake ganin iska za ta yi rana a karkara shi ne famfon ɗaga ruwa mai farfela da yawa, wanda ke juyawa da iska kaɗan, ya tara ruwa a tanki ko da dare ko da rana, mai walda na gari kuma ya iya gyara shi. Manyan injina kuwa, sai an auna tuddai irin na Kazaure da Roni an ga abin da lambobi suka ce.

Kuɗi na nan tafe. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 janareta ya gagari talaka, Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, Bankin Duniya kuma ya amince da dala miliyan 750 a Disambar 2023 don shirin da Hukumar Samar da Lantarki a Karkara ke gudanarwa, akasarinsa na sola. Za a ɗauki matasa da yawa aiki, kuma wasunsu za su faɗa hannun shugabanni irin nawa, masu ƙirga abin da aka kafa ba abin da ke aiki bayan shekara biyu ba.

Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. Duk shawarar da ka bayar ka rubuta, ka karɓi hatimi, ka ajiye kwafi a gida. Kada ka sa hannu a kan injin da ba za ka samu kayan gyaransa a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa ba. Ka binne wayar kariyar tsawa da kyau tun kafin damina. Mai kula da kaya a sa masa albashi a cikin lissafin aiki, ko da kaɗan ne. Ka gaida masu shiƙa da masu kiwo kafin ka buɗe kwamfuta.

Saurayin nan yanzu shi ake kira daga ƙauyukan kewaye in famfon sola ya tsaya, da mitar da na bar masa yake aiki, kuma ban taɓa jin an ce ya ɓata wa wani kaya ba. Amma a fayil ɗin ofis har gobe shi da mutanen garinsu ne suka kashe aikin. Na ɗauki hoton littafinsa shafi-shafi, na haɗa da takardata, na aika wa masu ba da tallafin ina neman a gyara rahoton. Ba su amsa ba tukuna. In wata ya ƙare ban ji komai ba, zan sake aikawa.