Alamar hamza ce ta cinye mini saƙonni a Access

Ofishinmu na karɓar takardun masu neman horon sana'a ta imel, kuma ni aka ɗora wa aikin kwashe saƙonnin daga Outlook zuwa rumbun bayanai na Access. Na samo wani guntun rubutun VBA (yaren ba kwamfuta umarni da ke cikin Access) a intanet, na gyaggyara shi: ya bi akwatin saƙo, ya ɗauki sunan mai aikowa da take da kwanan wata da abin da aka rubuta, ya zuba a tebur. Ya gama lami lafiya, ko tari bai yi ba. Da wannan teburin muka fitar da sunaye muka manna a bango.

Sai ga wata dattijuwa da wayar ɗanta a hannu. "Ɗana, ga shi ya aika tun kafin a rufe, me ya sa babu sunansa?" Na ce, "Mama, zauna in duba." Saƙon yana Outlook, babu shi a Access. Sunan yaron Rabi'u.

Can saman rubutun akwai layi ɗaya, On Error Resume Next. Ma'anarsa in an yi tuntuɓe a wuce kawai, kada a faɗa wa kowa. Ina goge shi kuskure mai lamba 3075 ya faɗo. Rubutun yana haɗa umarnin SQL (yaren da ake ba rumbun bayanai umarni da shi) ne ta hanyar sa kowane suna da take da abin da aka rubuta tsakanin alamomin zance guda biyu, kuma alamar nan ita ce dai hamzar da ke cikin Rabi'u. Access yana isa kanta sai ya ɗauka sunan ya ƙare a "Rabi", sauran ya zama shirme, ya yar da saƙon gaba ɗaya. To ka lissafa: Sa'adatu, Mu'azu, Isma'il, Asma'u, da duk wanda ya rubuta jami'a ko ma'aikata ko 'ya'ya. Kalmar sana'a kanta fa, wadda domin ta aka buɗe shirin!

Abin da ya fi ruɗa ni, wani Mu'azun ya shiga, wani bai shiga ba. Ashe wasu wayoyin lanƙwasasshiyar alama suke sawa, wadda kwamfuta ke ɗauka wani harafi ne daban, ita ba ta karya komai. Miƙaƙƙiyar ce mai ɓarna. Wato irin wayar da mutum ya riƙe ce ta yanke masa hukunci.

Ana iya ninka alamar da Replace, umarnin musanya haruffa, ta zama biyu, don Access ya ɗauke ta a matsayin harafin sunan. Ni dai na daina haɗa SQL da hannu kwata-kwata. Na buɗe teburin kai tsaye da Recordset: AddNew ya buɗe sabon layi, a zuba kowane gurbi, Update ya adana. Hamza ta shiga yadda take.

Sauran kurakuran da layin nan ya ɓoye ba su ba ni wahala ba. 3163 na nufin gurbin ya yi kaɗan: Short Text haruffa 255 kawai yake ɗauka, sai a mayar da shi Long Text. Lamba 13 kuma na fitowa ne saboda ba duk abin da ke akwatin ne wasiƙa ba, akwai gayyatar taro da rahoton saƙon da bai isa ba, sai a tantance kafin a ɗauka. Takardun da aka maƙala kuwa na ajiye su a babban fayil daban, tunda Access ba ya wuce gigabait 2.

Amma duk waɗannan da sun yi ihu tun farko da an gyara su kafin azahar. Shirun ne ya jawo muka sauke takardar bango, muka sake tantancewa, oga na amsa waya yana ba iyaye haƙuri. Yanzu duk saƙon da ya ƙi shiga yana faɗawa wani tebur na daban da lambar kuskurensa, kuma ba na miƙa wa oga komai sai adadin Outlook ya yi daidai da na Access. Saƙon gwajina na farko kuwa daga "Sa'adatu Mu'azu" yake zuwa, takensa "'Ya'yan ma'aikata".