Haɗa Shafin Kasuwanci da Facebook da Instagram: Yadda Muke Aikin a Gombe

Daga cikin ayyukan da ake kawo wa ƙaramin kamfaninmu na gina shafukan intanet a nan Gombe, babu wanda ake yawan nema kamar a sa abin da ɗan kasuwa yake wallafawa a Facebook ko Instagram ya riƙa fitowa da kansa a shafin kasuwancinsa. Dalilin a fili yake. Mai shagon atamfa da leshi a Babbar Kasuwa, da mai gidan abinci a Tumfure, da kafintan da ke haɗa gadaje da kujeru a Jekadafari, duk sun saba da ɗaukar hoton sabon kaya su ɗora ta waya nan take, amma idan aka ce su shiga bayan shafin intanet su sauya hoto ko su gyara farashi, sai abin ya zame musu nauyi, su bar shafin wata da watanni yana tallar kayan da tuni suka ƙare. Idan muka buɗe wa shafin wata taga da ke janyo sabbin hotunan, mai kaya zai ci gaba da abin da ya saba, shafin kuma ya riƙa sabuntuwa ba tare da ya sa hannu ba. Ina son wannan aiki, kuma ina ba da shawarar a yi shi, sai dai ba na yarda a ɗora dukan shafin a kansa, kuma a kan wannan batu ne muka fi jan zance da masu kawo mana aiki.

Hanyoyin yin aikin biyu ne. Ta farko ita ce wadda kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, yake bayarwa kyauta da sunan Page Plugin, inda za ka kwafi 'yan layukan umarni ka liƙa a shafi, sai wani akwati ya bayyana yana nuna abin da aka wallafa kwanan nan. Tana da sauƙi, amma faɗin akwatin ba ya wuce fiksel 500, wato ƙananan ɗigon da ake auna faɗin allo da su, launinsa da tsarinsa na Facebook ne ko sun dace da shafinka ko ba su dace ba, kuma da shafin Facebook na kasuwanci kaɗai take aiki, ba ta karɓar asusun mutum na kansa. Hanya ta biyu ita ce a bi ta ƙofar da kamfanin ya tanada domin manhajoji su karɓi bayanai daga gare shi, wadda ake kira API, a janyo hotunan da rubutun a jera su yadda ake so. Yawancin shafukanmu a kan WordPress, wata manhajar gina shafukan intanet, muke gina su, don haka mukan yi amfani da ƙananan manhajoji irin su Smash Balloon, wani lokaci kuma Elfsight ko LightWidget. Kowacce tana da ɓangaren kyauta mai iyaka da ɓangaren biya, kuma da dala ake biyan, abin da nake faɗa wa mai aiki tun zaman farko, domin duk wanda ya ga yadda darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023 ya san cewa kuɗin da aka yanke bana ba lallai ne ya isa baɗi ba.

Liƙa umarnin ba ya cin lokaci, yaran da ke aiki da ni kowanne zai iya gama shi kafin shayinsa ya huce. Abin da ke cin lokaci shi ne gano mai asusun na gaskiya. Wata Hajiya mai sayar da turaren wuta da humra ta zo ofishinmu da wayarta, muka zauna domin a haɗa Instagram ɗinta da sabon shafin. Na ce, "Hajiya, a taimaka mana da kalmar sirri, ke za ki shigar da hannunki, ba sai mun gani ba." Ta ce ai ita ba ta taɓa saninta ba, ɗan ƙanwarta ne ya buɗe mata asusun. Da muka nemi a sauya kalmar, sai lambar tabbatarwa ta tafi layin yaron, shi kuwa yana kudu wajen bautar ƙasa, wayarsa a kashe. Asusu ne mai mabiya da yawa, rabin cinikinta ta nan yake shigowa, amma a haƙiƙa ba a hannunta yake ba. Sai da aka same shi da daddare, muka mayar da asusun kan layinta da imel ɗinta, muka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara shigar da wata lamba kafin a shiga, muka rubuta mata lambobin ko-ta-kwana a takarda ta adana, sannan muka taɓa shafin. Irin wannan ya fi a ƙirga a garin nan, kuma a ganina gyara shi ya fi tagar kanta amfani ga mai kasuwa, ko da yake ba shi ne ya kawo shi wurinmu ba.

Bayan mallaka sai batun abin da ke cikin asusun. Tagar ba ta da hankalin zaɓe, duk abin da aka wallafa shi za ta kwaso ta ajiye a gaban mai saye. Mu kuwa a nan mutum ɗaya ne da asusu ɗaya: a ciki yake tallar shadda, a ciki yake sanar da ɗaurin auren ƙaninsa, a ciki yake ta'aziyya, idan kakar zaɓe ta zo kuma a ciki yake kare ɗan takararsa da zafi. Babu laifi a ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma wanda ya shigo daga Kano ko Yola yana neman farashin kaya bai zo domin su ba, kuma maganar siyasa ɗaya tana iya korar rabin masu sayen da ba su ma san ra'ayinka ba a da. Shi ya sa muke dagewa a raba asusun kasuwa da na gida. Inda manhajar ta ba da dama, mukan kuma saita ta ta ɗauko abin da aka sa wa wata alama ta musamman kaɗai, yadda mai kaya zai zaɓi abin da zai fito a shafin da kansa. Sharhin mutane kuwa ba ma barinsa ya fito, domin ba ka da iko da bakin wanda ya tashi da ɓacin rai.

Akwai kuma wanda tagar take cutarwa maimakon ta amfane shi, wato wanda ba ya wallafa komai. Wani mai makaranta mai zaman kanta ya nemi a sa masa, da na duba shafin makarantar na Facebook sai na tarar abu na ƙarshe da ke ciki gaisuwar Babbar Sallah ce ta shekarar da ta gabata. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, idan muka sa wannan, uban da ya shigo neman wa ɗansa gurbi zai ɗauka an rufe makarantar." Muka daidaita a kan a ware malami ɗaya da zai riƙa ɗora labarin makaranta duk mako har zango ya ƙare, idan an ga abin ya ɗore sai a buɗe tagar. Shafin da ba shi da taga ba ya nuna shekarunsa, amma mai taga yana ɗauke da kwanan wata a kan kowane hoto.

Babban dalilin da ya sa ba na yarda a jingina shafi kacokan a kan wannan taga shi ne abin da muka gani da idonmu cikin 'yan shekarun nan. A ranar 24 ga Oktoban 2020 Facebook ya rufe tsohuwar hanyar da ake liƙa adireshin hoto kawai a WordPress ya bayyana, ya ce sai da rajista da izini. A ranar 5 ga Yunin 2021 dakatarwar da gwamnatin tarayya ta yi wa Twitter ta fara aiki, ba a ɗage ta ba sai 13 ga Janairun 2022, kuma tsawon watannin nan duk shafin da ya dogara da akwatin Twitter wajen sanarwa fili ne fari yake nuna wa mai shigowa daga Najeriya. A ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na kimanin awa shida a duk duniya. A 2023 Twitter, wanda ya koma X a shekarar, ya sa kuɗi a kan ƙofar da a da take kyauta. Sannan a ranar 4 ga Disambar 2024 Meta ya rufe hanyar da ake janyo hotuna daga asusun Instagram na mutum na kansa, ya zama dole a mayar da asusu na kasuwanci ko na mai ƙirƙira, wato irin wanda aka ware wa masu wallafa hotuna da bidiyo domin jama'a, kafin a haɗa shi da shafi. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da aka nemi shawarar ɗan kasuwar Gombe kafin a yi. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma tagar nan aro ce, mai ita yana iya karɓe abinsa ranar da ya ga dama.

Saboda haka tsarinmu shi ne duk abin da ciniki ba ya yiwuwa sai da shi ya zauna a shafin kansa, a rubuce, a wurin ajiyar da mai kasuwa yake biyan kuɗinsa, ƙarƙashin sunan da ya yi wa rajista, sau da yawa mai ƙarewa da .com.ng ko .ng. Sunan kasuwa, da kwatancen shago, da lokacin buɗewa da rufewa, da manyan kaya da farashinsu, da lambar waya, duk a sama suke. Tagar tana zuwa a ƙasa, hoto shida ko tara, ba fiye ba. Wannan yana da wata fa'ida da masu aiki ba su cika lura da ita ba: rubutun da ke cikin akwatin Facebook na Facebook ne, ba ya taimaka wa shafinka ya fito idan wani ya nemi "telan kaftani a Gombe" a Google, amma abin da ka rubuta a jikin shafinka naka ne, shi ake ƙirga maka. A gefen kowane kaya kuma mukan sa maɓallin WhatsApp, wanda ake haɗawa da adireshin wa.me da lambar waya da ta fara da 234 ba tare da sifirin farko ba, domin a nan cinikin yake ƙarewa. Da yawa sukan tambaya ko za a iya janyo abin da suke sawa a sitatus na WhatsApp, sai in ce musu a'a, wannan na waɗanda ke da lambarka ne, kuma bayan awa 24 yake gogewa.

Nauyin shafi ma abin dubawa ne, kuma a nan nake ganin bambancin wanda ya san masu sayenmu da wanda bai san su ba. Akwatin Facebook yakan janyo tarin umarni da hotuna daga waje, wani lokaci ya fi sauran shafin duka nauyi. A kwamfutar ofis ba za ka ji komai ba, amma mai saye yana Dukku ko Nafada da ƙaramar waya, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, kuma tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, mutane sun ƙara lissafi da kowane megabait. Don haka mun fi son manhajar da ke ajiye ƙananan kwafin hotunan a wurin ajiyar shafin, ta leƙa Instagram lokaci-lokaci ta ɗauko sabo, maimakon ta aika kowane baƙo can. Muna kuma saita hotunan kada su sauka sai mai karatu ya gangaro inda suke, bidiyo kuwa ba ya tashi sai an taɓa shi. Akwai wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi da muke ajiye a aljihun tebur musamman saboda gwaji, mukan rage mata ƙarfin sabis mu buɗe shafin da ita, kuma ba na miƙa aiki sai na ga suna da lambar waya sun bayyana a kanta kafin komai.

Wani abin da nake ɗauka da muhimmanci shi ne haƙƙin wanda ya ziyarci shafin da wanda hotonsa ke ciki. Akwatin da ke lodawa kai tsaye daga Facebook yana sanar da kamfanin cewa wani ya buɗe shafinka, ko da mutumin bai taɓa akwatin ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023 kuma ta kafa hukumar kula da wannan fanni, ta ɗora wa mai tattara bayanan mutane nauyin sanar da su abin da ake yi da bayanan, saboda haka mukan rubuta ɗan bayani a sarari cikin Hausa da Turanci mu sa a shafin. Game da hotuna kuwa, tela ko mai kwalliyar amare ya kan ɗora hoton wadda ya yi wa aiki da izinin baki, ita tana ganin ƙawayenta ne za su gani a Instagram, ba ta san hoton zai zauna a fuskar shafin kasuwanci ba. Ina roƙon masu irin wannan sana'a su sake neman izini a kan shafin daban, ko su ɗauki kayan a jikin mutum-mutumi. Makarantu kuma ba ma sa musu hoton yaro a kusa sai da yardar iyayensa.

Ragowar aikin kulawa ce, kuma ita ce ake yawan mantawa a lissafin kuɗi. Mabuɗin izinin da Instagram ke bayarwa kwana 60 yake yi, manhaja tana sabunta shi da kanta idan komai lafiya, amma da zarar mai asusu ya sauya kalmar sirri ko ya cire izinin bisa kuskure, sai tagar ta tsaya a kan tsoffin hotuna ko ta koma fanko, kuma mai kaya shi ne na ƙarshen sani, tunda ba ya buɗe shafin kansa. Shi ya sa muke rubuta yarjejeniyar kulawa ta shekara da kowa, a ciki mu bayyana cewa sunan shafin da asusun duka na mai kasuwa ne, mu masu riƙon amana ne, idan ya so komawa wani wuri za mu miƙa masa komai. A farkon kowane wata ɗaya daga cikin yaran yakan bi shafukan ɗaya bayan ɗaya da tsohuwar wayar nan, ya duba ko hoton da ke tagar shi ne na ƙarshe a asusun, ya danna maɓallin WhatsApp ya tabbatar lambar ba ta sauya ba, idan ya ga wanda ya kwana biyu bai wallafa komai ba ya kira shi ya gaishe shi, ya tambaye shi ko sabon kaya ya iso.