Watan da takardar wuta ta zo mini da yunit 41

Kwana goma bayan ƙaramar Sallar 2025 na dawo gida da la'asar, na tarar an soke takardar kuɗin wuta a jikin ƙofar zaure kamar kullum. Na zare ta na duba, sai na ga kuɗin bai kai naira 3,000 ba. Gidana a Mabera yake a cikin garin Sakkwato, kuma shekara da shekaru na san abin da muke biya. A lokacin zafi ba ya yin ƙasa da dubu ashirin da 'yan kai. Na goge tabarau na sake dubawa. Sunana ne, lambar asusuna ce, adireshin ma na gidana ne.

Da farko na ji daɗi, don hidimar azumi da ɗinkin Sallah sun riga sun kwashe abin da ke aljihu. Amma kafin in kai tsakar gida daɗin ya fara komawa tunani. Azumin shekarar ya cinye watan Maris kusan gaba ɗaya, kuma duk wanda ya yi azumi a Sakkwato a wannan lokaci ya san yadda gari ke ɗaukar zafi. Fanka huɗu ba sa hutawa matuƙar akwai wuta. Uwargida tana sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, firizarta ba ta taɓa shan aiki irin na watan azumi ba. Ga injin jan ruwa, ga gugar kayan Sallah. Ta yaya watan da muka fi kowane wata shan wuta zai zo da kuɗi mafi ƙanƙanta? Ruwa ba ya tsami banza.

Bayan magariba na nuna wa maƙwabcina takardar, dattijo ne da nake girmamawa. Ya duba ya miƙo mini ya ce, "Malam, mi ad damuwarka? Tunda haka sunka rubuta, biya ka yi shiru. Shekara nawa muna biyan wutar da ba mu sha ba?"

Na fahimce shi sarai. Gidansa ba mita, bil na ƙiyasi ake kawo masa, kuma duk wanda ya zauna a kan ƙiyasi ya san ɗacinsa, har sai da hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta fitar da doka a 2020 ta ƙayyade iyakar abin da za a iya ɗora wa wanda ba shi da mita. Na ce masa, "Baba, naka daban ne da nawa. Ni ina da mita, kuma mita ba ta mantuwa." A lokacin ban gama sanin nauyin abin da na faɗa ba, sai da na zauna da biro.

Yawancinmu wuri ɗaya muke dubawa a takardar wuta, wato jimillar kuɗi a ƙasa. Ni ma haka nake yi sai wannan rana. Ashe ainihin labarin yana sama. Akwai karatun mita na baya, akwai karatun yanzu, akwai ranar da aka ɗauki kowanne. Idan ka cire na baya daga na yanzu, abin da ya rage shi ne yunit ɗin da ka sha. Shi ake ninkawa da kuɗin yunit ɗaya, sannan a ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, a haɗa da tsohon bashi in akwai. A tawa takardar an rubuta 18,462 ranar 24 ga Fabrairu, sai 18,503 ranar 27 ga Maris. Yunit 41 ke nan cikin kwana 31.

Na fara da abin da ya fi sauƙi. Kuɗin yunit bai canza ba, naira sittin da 'yan kai ne kamar watan baya, rukunin farashin da aka sa layinmu a ciki ma bai canza ba. Ba a rubuta wani ragi ko rarar kuɗi da na biya a baya ba. Na tambayi uwargida ko an yi doguwar ɗaukewar wuta da ban lura ba saboda ina wajen aiki. Ta ce, "Malam, da an yi ai da ka ji a bakina, ƙanƙarata ko sau ɗaya ba ta narke ba." Na tuna duhun da Arewa ta shiga a ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo mana wuta suka lalace muka kwashe kwanaki babu ko ƙyalli. Wancan watan kuɗi ya ragu, kuma kowa ya san dalili. Wannan karon babu irin wannan dalili.

Sai na yi lissafin fanka kawai. Fankar sama tana jan wat 75 ko kusa da haka. Guda huɗu wat 300 ke nan. In sun yi awa goma a rana sun sha wat 3,000 na awa, wato yunit 3, domin yunit ɗaya shi ne abu mai wat 1,000 ya yi aiki na awa ɗaya. A wata yunit 90. Fankoki kaɗai sun ninka abin da aka rubuta mini har da ɗoriya, ban taɓa firiza ba, ban taɓa firij ba, ban taɓa injin ruwa mai ƙarfin doki ɗaya ba, wanda shi kaɗai yana jan kusan wat 750.

Daga nan na ɗauki tocila na nufi mitar. Tsohuwa ce, irin mai faifai da ke juyawa da lambobi masu mirginawa, tun zamanin mahaifina take manne a bangon soron ciki, sama da tsayin mutum. Gilashinta ya yi dusu-dusu da ƙurar hunturu da ba wanda ya goge. Na sa tsumma na share, na haska. Lambobin baƙaƙe suka nuna 18,946. Akwai ɗaya ja a ƙarshe, wannan ba a haɗa ta, ɓangaren yunit ce.

A nan na zauna a kan tabarma na yi lissafin da ya buɗe mini komai. Ranar 9 ga Afrilu ce. In har karatun da ke takarda daidai ne, to daga 27 ga Maris zuwa ranar, kwana 13, mun sha yunit 443, wato 34 a kullum, bayan mun yi wata guda muna shan yunit ɗaya da ɗan ɗori a rana. Wannan ba ya shiga hankali. Sai na bar karatun tsakiya na ɗauko na Fabrairu: daga 18,462 zuwa 18,946 yunit 484 ne cikin kwana 44. Na raba, ya ba ni 11 a rana cif. Na ninka 11 da kwana 31, na samu 341. Na ɗora a kan 18,462, sai ga 18,803.

Na dubi 18,803, na dubi 18,503. Lamba ɗaya ce ta bambanta su. Inda ya kamata a rubuta 8 an rubuta 5.

Duk da haka ban tsaya nan ba, don tsohuwar mita kan iya yin nauyi ko ta riƙa tsayawa, kuma ina so in je ofis da abin da na tabbatar. Washegari da aka kawo wuta na kashe komai a gidan har ƙwan fitila, na ga faifan ya tsaya cak. Wannan ya nuna mini babu wata waya da ke jan wuta a ɓoye. A fuskar mitar an rubuta cewa faifan na juyawa sau 600 a kan kowane yunit. Na jona hitar ruwa mai wat 1,000 a bokiti. In mitar lafiya take, ya kamata baƙin tabon da ke jikin faifan ya wuce sau goma a minti ɗaya. Na ƙirga da agogon waya har sau uku, ina samun tara, wani lokaci tara da rabi. Wannan bai dame ni ba, don wutar ranar ba ta cika ƙarfi ba, kuma hita ba ta jan cikakken abin da aka rubuta mata in wuta ta yi rauni. Da dutsen guga na so in gwada, sai na tuna yana kashe kansa in ya yi zafi, zai ɓata ƙirgar. Wanda mitarsa ta zamani ce zai iya yin irin wannan da 'yar jar fitilar da ke ƙyaftawa, an rubuta adadin ƙyaftawar kowane yunit a gefenta.

Saura sanin yadda 8 ta koma 5. Uwargida ce ta warware. Ranar da mai karanta mita ya zo ba na nan, kuma gidanmu ba a shiga. Ya yi sallama a zaure, ta aiki ɗanmu mai shekara goma ya karanto masa. Yaron ya kifa turmi ya hau, ya leƙa ta cikin ƙura ba fitila, yana cikin azumi, ya faɗi abin da ya gani. Mutumin ya rubuta ya wuce gida na gaba. Da na kira yaron ya zo jiki a sanyaye, ya ce, "Baba, wallahi biyar na gani." Na ce na yarda, ni ma da ban goge gilashin ba biyar zan gani. Mita tana cikin gida inda baƙo ba ya kaiwa, sama da kan yaro, shekaru ban taɓa tunanin yadda ake samun lambar da ake rubuto mini ba. Wannan gyaran nawa ne.

Yanzu na san yunit 300 na kwance a mitar ba a biya ba. Abin da maƙwabcina bai duba ba shi ne mita irin wannan tarawa take yi, ba ta komawa sifili a ƙarshen wata. Duk ranar da aka yi karatu na gaskiya, yunit ɗin nan za su fito su hau kan na sabon wata, in wayi gari da takardar dubu arba'in da wani abu a tsakiyar zafin Afrilu ko Mayu. Akwai kuma abin da ya fi wannan tsorata ni. Tun 2020 aka raba masu shan wuta rukuni-rukuni daga A zuwa E gwargwadon awannin da layinsu ke samu, A awa 20 a rana, B 16, C 12, har zuwa E mai awa 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 a yunit, daga baya aka ɗan rage amma har zuwa lokacin bai sauko ƙasa da 200 ba. Ana kuma sauya wa layuka rukuni. Da a ce an ɗaga layinmu kafin kuskuren ya fito, yunit 300 da zan biya kusan dubu ashirin da ɗaya za su iya komawa sama da dubu sittin, kuma ba ni da hujjar da zan nuna cewa a tsohon farashi na sha su.

Sannan gidan da aka saba gani da yunit 300 ya faɗo 41 dare ɗaya, abin da zai fara zuwa zuciyar mai bincike shi ne an taɓa mita ko an zagaye ta da waya. A farkon 2025 NERC ta ƙara tarar wannan laifi, wanda mitarsa mai layi ɗaya ce naira 100,000 a karon farko. Ban yi ba, amma ban so a zo da tsani ƙofar gidana yara na kallo ina rantsuwa. Ko babu duk wannan ma, wutar mun sha ta, ƙanƙarar an sayar an ci riba. Na yi wata guda ina azumi, ba zan buɗe Shawwal da riƙe haƙƙin da na san ba nawa ba ne.

Na ɗauki hoton mitar da waya yadda lambarta da karatun za su fito tare, na rubuta wasiƙa gajera kwafi biyu, na haɗa da takardun wata uku na baya. A ofishin kamfanin wuta, jami'in da ke karɓar ƙorafi ya karanta ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, cewa kake an rage maka?" Na ce, "Ranka ya daɗe, haka ne, ga lissafin." Ya buga hatimi a kwafina ya sa kwanan wata. Wannan hatimin shi ne abin da na fi buƙata, don in magana ta ƙi warwaruwa da shi ake zuwa ofishin sauraron ƙorafi na NERC. Ban kai ga haka ba. Bayan 'yan kwanaki aka turo mutum, na shigar da shi da kaina ya ga mitar. Na biya kuɗin yunit 341 a ranar da na kai wasiƙar maimakon 41, rarar ta zauna a asusuna, takardar wata mai zuwa ta zo daidai.

Na cike takardar neman mita mai kati, ina jira, kuma na roƙi in za a sa ta a sa a zaure. Kafin nan na sayi ƙaramin littafi na ɗaure shi da zare a ƙusa ƙarƙashin mitar. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci ni da yaron muke goge gilashin, ya karanta da ƙarfi, in duba, ya rubuta da hannunsa tare da kwanan wata. In mai karatu ya zo ba na nan, uwargida ta ɗauki hoto a waya a kai masa zaure ya gani da idonsa. Maƙwabcina ya ga littafin wata rana ya tambaye ni yadda ake neman mita, na raka shi muka cike tasa takardar. Juma'ar da ta wuce yaron ne ya fara lura cewa satin ya haura da yunit 14, muka bi sawu muka tarar robar murfin firiza ta saki, injinta ba ya hutawa.