Akwati uku na .308 Norma

Shekara shida na yi a ƙarƙashin wani dattijo mai gyaran bindigogin farauta. Bayan ɗakin aikinsa akwai filin gwajin harbi, kuma aikin da ya fara ba ni shi ne in zauna kusa da duk wanda ya zo saita bindigarsa, in riƙa duba allo da madubin hangen nesa ina faɗa masa inda harsashi ya sauka. A kan wannan bencin na san masu son harsashin magnum wanda ba kowa ke da irinsa ba. Ban cika shekara biyu ba ni ma na shiga sahunsu.

Magnum dai harsashi ne mai babban kwanso, yana cin albarushi da yawa don ƙwayar ta fita da gudu. Tsohon harsashin da ake kira .30-06, na 1906, yana tura ƙwaya mai nauyin giram 11.7 da gudun kusan mita 820 a daƙiƙa. Wannan ƙwayar dai, in ka sa ta a .300 Winchester Magnum, za ta yi kusan mita 900. Ƙarin gudun bai wuce kashi goma cikin ɗari ba, alhali ƙarin albarushin ya kai rubu'i. Ragowar tana tafiya ne a zafi da ƙara da shurin da bindiga ke kai wa kafaɗa. Duk na san wannan lissafin tun kafin in sayi tawa.

Wata tsohuwar bindiga ce aka kawo sayarwa, mai cin .308 Norma Magnum. Kamfanin Norma na Suwidin ya fito da harsashin a 1960, ya yi tashe na ɗan lokaci, musamman da yake ana iya gyara bindigar .30-06 ta koma cinsa. Sai kamfanin Winchester ya zo da nasa .300 ɗin a 1963, ga bindiga ga harsashi a ko'ina, ya kwashe kasuwar. Ƙarfinsu kusan ɗaya ne, kuma har gobe ina ganin kwanson Norma ya fi tsari, domin wuyansa ya fi tsawo, ya fi riƙe ƙwaya da kyau. Wannan hujjar na kai wa maigidana ina ɗoki. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yaro, akwati nawa aka haɗo maka da ita?" Na ce uku, harsashi sittin ke nan. Ya ce, "In sun ƙare fa?" Na ce za a nemo. Bai ƙara cewa komai ba, ya ci gaba da goge ƙarfen da ke hannunsa.

Sai dai ba su ƙare ba, kuma nan matsalar take. Na kashe tara wajen saiti, daga nan na kulle sauran. Duk lokacin da na ɗauki bindigar zan fita fili, sai in tuna cewa kowane harbi yana rage abin da ban san ranar da zan mayar ba, sai in mayar da ita ma'ajiya. A shekarar farko ban harba ashirin ba. Ga ni zaune a bakin filin harbi kullum, amma ban san bindigata ba.

Da lokacin farauta ya zo na samu barewa a tsaye, a fili, tazarar ba ta kai mita 150 ba. Harbi ne da ƙaramar bindiga ma za ta gama shi nan take. Na danna kunama, na ga ta ƙudundune baya ta zura da gudu. Da na isa wurin, jinin baƙi-baƙi ne gauraye da ciyawar da ta ci. Ashe a tumbi na harbe ta. Muka bi sawu har duhu ya hana mu gani, sai da safe muka tarar da ita a gindin wata sarƙaƙiya, ƙasar wurin duk ta turmushe saboda yadda ta kwana tana shure-shure. Har yau in na tuna wannan turmusasshiyar ƙasar sai in ji nauyi a ƙirji. Dabbar ba ta ci wannan wahalar don bindigar ta gaza ba.

Na dawo ina zargin madubin saiti. Maigida ya ce in zauna a benci in juya baya, shi zai sa mini harsashi. Ya miƙo bindigar, na auna, na danna. Ƙas kawai na ji, domin bai sa komai a ciki ba. Amma bakin bindigar ya dunƙura ƙasa da kusan taƙi guda, kafaɗata ta zabura gaba, idona kuma a rufe yake ruf. Ya ce, "Ka gani? Kana gudun shurin tun kafin ya zo." Ashe in da harsashi a ciki, ƙara da girgiza ke rufe wannan zaburar, shi ya sa mai yin ta ba ya taɓa sanin yana yi. Maganinta kuwa ɗaya ne, yawan harbi a natse har jiki ya saba. Bindigar da ta fi kowace buƙatar sabo, ita ce na haɗa da harsashin da nake tsoron kashewa.

Bayan nan sai idona ya buɗe a kan masu zuwa wurinmu. Mai 8mm Remington Magnum, wanda ya fito a 1978 bai kuma samu karɓuwa ba, zai zo da harsashi biyar a aljihu yana ƙirga su. Mai .264 Winchester Magnum, wanda 7mm Remington Magnum ya danne tun 1962, shi tasa damuwar biyu ce: ga ƙarancin harsashi, ga tsoron ƙone bututu. Tsoron nan kuwa yana da tushe. Albarushi mai yawa da ke matsowa ta ƙaramar ƙofa yana cin maƙogwaron bututun, daidai inda ƙwaya ke fara tafiya. Maigida ya taɓa sa mini madubin leƙa bututu a cikin wata irinta, na ga ƙarfen ya tsattsage kamar tafkin da ya ƙafe a rani. Mai ita yakan yi harbi goma a jere har bututun ya gagari taɓawa, ba ya bari ya huce.

Akwai kuma batun ƙwayar kanta. Gudun magnum yana iya tarwatsa ƙwaya mai laushi a kan ƙashin kafaɗar babbar dabba in tazarar kusa ce. Abin da ya sami wani mafarauci Ba'amurke mai suna John Nosler ke nan a Kanada a 1946 da .300 H&H ɗinsa, har ya sa ya ƙera ƙwayar Partition, wadda ba ta tarwatsewa haka, a 1948. Mai sanannen harsashi yana da nau'o'in ƙwaya barkatai da zai zaɓa. Mai wanda ba a sani ba sau da yawa nau'i ɗaya ko biyu zai samu, ko sun dace da abin da zai farauta ko ba su dace ba.

Tafiya ma da nata. Jirgin sama ba ya barin fasinja ya ɗauki harsashi fiye da kilo biyar, kuma in jakar ta ɓata a hanya, mai .375 H&H, wanda yake nan tun 1912, zai samu aro a kusan kowane sansanin farautar manyan namun daji. Mai Norma sai dai ya ari bindigar wani.

Duk da haka ban taɓa hana kowa saye ba, domin na ga waɗanda abin ya yi wa kyau. Akwai wani mai 8×68S, harsashin Jamus na 1939, da yake zuwa kusan kowane mako. Da hannunsa yake ɗura harsasansa, yana da littafin da yake rubuta kowane harbi. Zai yi hamsin da ƙaramar .22, sannan ya yi biyar kacal da babbar, yana shan iska tsakaninsu har bututu ya huce. Ban taɓa jin ya bi sawun jini ya kwana ba. A wurinsa na koyi ɗura harsashi, na kuma koyi matse kwanson .338 Winchester Magnum ya koma na Norma. Sai dai tambarin da ke gindin kwanson yana nan da tsohon sunansa, don haka kowane akwati sai na rubuta masa suna da manyan baƙaƙe, ba na kuma ƙetare iyaka da su, tun da jami'i abin da ke rubuce a gindin yake gwadawa da takardar bindiga.

Yanzu in saurayi ya zo da sunan wani harsashi a takarda, yana karanto mini gudu da ƙarfi, ba na musu da lambobinsa, galibi daidai suke. Ina tambayarsa a ina zai samu ɗari biyu a shekarar farko, da kuma ko zai iya kashe su duka a kan allo ba tare da ya ji zafi a ransa ba. Sannan in kai shi benci, in ce ya juya baya, in sa masa harsashi biyu na gaske a bindigar gwaji, na ukun in bar wurin wayam. Ni kuma in tsaya ta gefen dama ina kallon idonsa.